Yadda Ake Gano Asalin Tsohon Takobin Moro, Mataki-Mataki

Masu karatu da dama sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya, musamman waɗanda suka ga takubban Musulmin kudancin Filifin a shafukan gwanjo na intanet ko a gidajen tarihi: ta yaya mutum zai gane cewa wannan takobin daga tsibiran Sulu ya fito, wancan kuma daga Mindanao, sannan ta yaya zai bambanta na ƙarni na 19 da wanda aka ƙera kwanan nan domin 'yan yawon buɗe ido? Waɗannan Musulmi, da ake kira Moro a dunƙule, ƙabilu ne daban-daban, kuma uku daga cikinsu su ne mai bincike zai fi cin karo da aikinsu: Tausug na Sulu da ke da cibiya a tsibirin Jolo, Maguindanao na kwarin kogin Pulangi wajen Cotabato, da Maranao na gewayen tafkin Lanao. Bayansu akwai Sama, da Yakan na tsibirin Basilan, da Iranun.

Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko shi ne takobi ɗaya abu uku ne: ruwa (wato ƙarfen takobin kansa), ƙota da kube. Kowannensu yana iya fitowa daga wuri daban, a zamani daban, domin ruwan ƙarfe yana ratsa zuriya uku ko huɗu, alhali ƙota tana tsagewa a sake ta, kube kuma ya ruɓe a sassaƙa sabo. Wanda ya san takobin Abzinawa ya san wannan, tunda sau da yawa ruwansa ƙirar Turai ne amma ƙotarsa da kubensa aikin maƙeran Agadez ne. Saboda haka za a karanta kowane ɓangare shi kaɗai, a kuma ba wa ruwan nauyi fiye da sauran.

Kayan aiki

Ana buƙatar tef ɗin awo mai santimita, ƙaramin sikeli, gilashin ƙara girma mai ninki goma, tocila mai haske sosai, mayen ƙarfe, tsumma mai laushi, man keken ɗinki, ruwan khal ko lemun tsami, bekin soda, safar hannu, da waya mai kyamara mai kyau. Duk wannan ba wani kuɗi ne mai yawa ba, kuma akasarinsa yana cikin gida. Inda kuɗi yake tafiya shi ne ladan ƙwararren da zai duba maka, da kuɗin jigila da inshora idan saye za ka yi daga waje.

1. Rubuta, auna, ɗauki hoto

Kafin ka goge komai, rubuta duk labarin da ya biyo takobin: wa ya kawo shi, daga ina, a wace shekara, da duk wata takarda ko lamba da ke manne a jikinsa. Wannan yana da amfani domin yawancin tsofaffin makaman Moro da ke kasuwa a yau ta hannun sojoji suka fita, na Sifaniya kafin 1898, sai na Amurka a yaƙe-yaƙen da suka kai har 1913, ciki har da na Bud Dajo a 1906 da Bud Bagsak a 1913 a tsibirin Jolo, da kuma makaman da aka tattara bayan dokar karɓe makamai da Janar Pershing na Amurka ya kafa a 1911. Wani kaso mai yawa kuma ya fita a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Auna tsawon ruwan shi kaɗai, da faɗinsa a gindi da tsakiya, da kaurin bayansa, sannan tsawon takobin gaba ɗaya da nauyinsa. Ɗauki hoton ɓangarori biyu a hasken rana, a kan zane mai launi ɗaya, da tef ɗin awo a gefe, sannan ka matso sosai ka ɗauki gindin ruwan.

Gargaɗi: takardar da ta ce an karɓi takobi a Jolo a 1906 tana nuna inda aka same shi ne kawai, da kuma cewa ya riga wannan shekara. Ba ta nuna inda aka ƙera shi ba, domin makamai suna yawo ta hanyar ciniki, aure, kyauta da ganima. Labarin baka na cewa na wani sarki ne kuwa, in babu takarda, kada ka ƙara ko sisi a kansa.

2. Tantance nau'in makamin

Nau'in kaɗai yana rage rabin aikin. Kris, wanda Tausug ke kira kalis, mutanen Mindanao kuma sundang, yana da kaifi biyu da gindi mai faɗi wanda ya fi fita ta gefe ɗaya, kuma ruwansa yana iya zama miƙaƙƙe, ko mai lanƙwasa tun daga gindi har tsini, ko mai lanƙwasa rabi. Dukkan ƙabilun suna amfani da shi, shi ya sa ya fi wahalar tantancewa. Barong gajere ne mai nauyi, siffar ganye gare shi da kaifi ɗaya, kuma na yankin Sulu ne, wato Tausug da Sama da Yakan. Kampilan dogo ne, tsawonsa yakan kusa mita ɗaya, siriri a gindi yana ƙara faɗi zuwa baki, ƙotarsa kuma ta rabu biyu a ƙarshe kamar buɗaɗɗen bakin kada. Wannan na Maguindanao da Maranao da Iranun ne. Panabas mai doguwar ƙota da lanƙwasasshen ruwa na sara na Mindanao ne, pira an fi danganta shi da Yakan, gunong kuma ƙaramar wuƙa ce ta kugu da Maranao suka fi ƙerawa.

3. Tabbatar cewa na Moro ne

Dillalai da yawa suna rubuta Moro a kan kowane makami daga Filifin saboda sunan yana ɗaga farashi, don haka duba waɗannan abubuwa. Idan wutsiyar ƙarfen ta ratsa ƙotar ta fito ta ƙarshe aka dake ta, wannan ɗabi'ar maƙeran Luzon ce, babban tsibirin arewacin Filifin. A aikin Moro wutsiyar gajeriya ce, ɓoye take a cikin ƙota, an kafe ta da ƙaro. Idan an wasa ruwan ta fuska ɗaya kawai, ɗaya fuskar kuma a shafe take, ka karkata zuwa tsibiran Visayas da ke tsakiyar Filifin. Idan ƙotar zubin tagulla ce mai 'yan sarƙoƙi ko ƙananan ƙararrawa, kube kuma ya sha ado da duwatsun wuya, to aikin ƙabilun tudun Mindanao ne waɗanda ba Musulmi ba, irin su T'boli da Bagobo, ko da yake su ma sukan sayi ruwan kris daga Maguindanao su sa masa tasu ƙotar.

Keris na tsibiran Java da Bali a Indonesiya ɗan'uwan kris ne, amma ya fi shi ƙanƙanta da sirantaka, domin suka aka yi shi, alhali kris na Moro takobin sara ne mai nauyi. Wanda ya fi ruɗarwa shi ne sundang na Malesiya da Borneo, mai kama da na Sulu ƙwarai, kuma a nan sai an haɗa da salon ƙota da kube kafin a yanke hukunci.

4. Karanta gindin ruwan kris

A nan ne mafi yawan amsar take, don haka kada ka yi gaggawa. A gindin ruwan akwai wani ƙarfe da ya gitta kamar tsaro ga hannu, masu tara makamai suna kiransa gangya. Ɗauki gilashin ƙara girma ka bi layin da ya raba shi da ruwan. A tsofaffin takubba gangya ƙarfe ne daban da aka ƙera shi kaɗai, aka huda shi, wutsiyar ta ratsa ta cikinsa, kuma za ka ga tsagar haɗin ta zagaya har ta gefuna biyu, ta bayyana a bakin ƙarfen. A na baya-bayan nan kuwa ƙarfe ɗaya ne, aka ja layi da kurfi domin ya yi kama da haɗi. Ƙa'idar da masu wannan harka suke bi ita ce rababben gangya yana nuna takobin ya riga wajajen 1930.

Gargaɗi: wannan ƙa'ida ta fi ƙarfi ta fuska ɗaya. Layin da aka zana kusan kullum alamar sabon aiki ne, amma rababben gangya bai isa hujja shi kaɗai ba, domin maƙeran zamani sun san abin da masu saye suke nema kuma suna iya yin sa. Haka nan tsohon haɗi mai kyau yana iya matsewa har ido ya kasa ganinsa sai an tsabtace wurin.

Daga nan ka duba gajeren gefen gindin, inda aka sassaƙa wata siffa mai kama da hancin giwa da buɗaɗɗen baki a ƙarƙashinsa. Robert Cato, wanda littafinsa kan takubban Moro ya fito a 1996, ya yi amfani da wannan wuri wajen rarrabe ƙabilun, kuma har yanzu da tsarinsa ake fara aiki. A salon Sulu ramin bakin mai siffar ƙwai ne kuma a karkace yake, shi da haɓar suna sunkuyawa zuwa gindin gangya. A salon Maguindanao siffar ramin ta yi kama da ta Sulu, sai dai bai karkata ba. A salon Maranao hancin ya fi tsawo, bakin matsattse ne, sannan a ƙarƙashin haɓar akwai tudu da ya kumburo waje, a daidai wurin da na Sulu da na Maguindanao suke da loko. A ganina tudun nan na Maranao shi ne alamar da ta fi sauƙin ganewa ga sabon shiga, bambancin Sulu da Maguindanao kuwa yana buƙatar ido ya ga misalai masu yawa, kuma akwai takubban da suka faɗa tsakani.

Sai girma da lanƙwasa. Kris mafi tsufa, waɗanda ake dangantawa da ƙarni na 18, ƙanana ne, ruwansu bai cika wuce santimita 50 ba, kuma a gindinsu akwai ramuka masu zurfi da suka haɗu suka yi siffar kan kibiya. A cikin ƙarni na 19 ruwan ya ƙara tsawo da faɗi, ya kai santimita 55 zuwa 60 har ya wuce, kuma na Mindanao sukan fi na Sulu faɗi da nauyi. Lanƙwasar tsohon aiki da guduma aka yi ta tun ƙarfen yana da zafi, saboda haka tana tafiya a hankali, kafaɗunta a zagaye. Idan ka ga lanƙwasa masu tsini kamar haƙoran zarto, yanka su aka yi daga shafaffen ƙarfe, kuma wannan aikin kasuwar tsaraba ne.

Abu na ƙarshe a wannan wuri shi ne maɗaurin ƙarfe ɗaya ko biyu da ke riƙe ruwan da ƙota, wanda ake kira baca-baca ko asang-asang. Na gaskiya yana da wutsiya da ta shige ƙarƙashin naɗin ƙotar. Wanda aka liƙa domin ado kawai ba ya riƙe komai. Idan maɗaurin ya ɓace amma gurbinsa yana nan a jikin ƙarfen, ko kuma gurbi biyu ne amma maɗauri ɗaya, to an taɓa sake ƙotar.

5. Idan barong ne ko kampilan

Barong na ƙarni na 19 ya fi gajarta da faɗin ciki, bayansa mai kauri ne sosai a gindi, na tsakiyar ƙarni na 20 kuma ya fi tsawo da sirantaka. Duba kusa da ƙota ko akwai tambari mai kama da rubutun Sinanci, domin an san maƙeran Sin sun ƙera ruwan barong domin kasuwar Sulu, kuma irin wannan ba jabu ba ne. Dogon zoben azurfa da ke wuyan ƙotar, wanda ake kira punto, yakan kai santimita 7 zuwa 8 a aikin Tausug. A kampilan kuwa, duba kaurin ruwan: na yaƙi yana da kauri a gindi yana raguwa a hankali zuwa baki, na tsaraba kuma kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. 'Yan ramukan da ke gefen ƙotar gurbin tukkun gashin dabba ne, kuma sau da yawa gashin ya zube ko an sa sabo, don haka ba a auna shekaru da shi.

6. Fito da zanen ƙarfen

Tsofaffin maƙeran Moro suna haɗa ƙarfe iri-iri su ninka su dake, su sa mai tauri a wajen kaifi, kuma ruwan tsami yana bayyana wannan. Wanke ruwan takobin da sabulu domin cire maiƙo, ka naɗe ƙotar da leda, sannan ka shafa ruwan khal mai ɗumi ko lemun tsami da auduga a wani ɗan wuri kusa da gindi, kana maimaitawa kana kallo. Idan layuka suka fara fitowa a tsawon ruwan, bakin kaifin kuma ya yi duhu fiye da tsakiya, ƙarfen ninkakke ne kuma an yi masa tauri. Wasu kris masu daraja suna da tsakiya da aka murɗa, wadda ke fitowa kamar kitso ko gashin tsuntsu. Da ka ga abin da kake nema, wanke wurin da ruwan bekin soda, ka ɗauraye, ka busar sarai, ka shafa mai nan take.

Gargaɗi: kada ka kusanci takobin da injin wasa wuƙa ko samfefa mai kaushi, domin minti ɗaya ya isa ya share abin da zai gaya maka shekarunsa. Kada ka yi amfani da ruwan batir. Kada tsami ya taɓa azurfa, haure ko katako. Idan takobin ba naka ba ne, ko kuma akwai rubutu ko zanen azurfa da aka dasa a jikin ruwan, bar wannan mataki gaba ɗaya. Ka kuma sani cewa ƙarfe mara layuka ba lallai sabo ba ne, tunda ƙarfen masana'anta ya shiga hannun maƙera tun ƙarshen zamanin Sifaniyawa.

7. Ƙota

Kan ƙotar da aka fi gani shi ne kakatua, wanda aka sassaƙa kamar kan wani aku mai tukku. Ƙarami mai sauƙi shi ne na mayaƙi, babba mai dogon tukku da baki, wanda ake kira junggayan, na masu sarauta ne. Kan da ya yi kama da kofaton doki an fi samunsa a Sulu. Itacen da aka fi so shi ne banati mai jijiyoyi masu sheƙi, sai kamagong baƙi, manya kuma suna sa hauren giwa, azurfa, ko swasa, wato haɗin zinariya da jan ƙarfe mai launin ja-ja. Jikin ƙotar mayaƙi yawanci naɗin igiya ne da aka shafe da baƙin ƙaro.

Kayan da aka yi amfani da su suna faɗin zamani fiye da siffa. Alminiyon, mai sauƙin nauyi da fari mara sheƙi, yana nuna lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ko bayansa. Ɓawon katantanwar teku mai ƙyalli da aka yanka kusurwa uku-uku aka jera ya yawaita ne a ƙarni na 20. Ƙota da kube da aka lulluɓe gaba ɗaya da farin ƙarfe ko tagulla mai zanen ganyaye, wanda Maranao ke kira okir, sau da yawa aikin garin Tugaya ne da ke bakin tafkin Lanao, inda har yau ake wannan sana'a, ana kuma sa wa tsofaffin ruwa sabbin tufafi. Haure na gaskiya yana nuna layuka masu gittawa da juna a inda aka yanke shi, ƙashi kuwa yana da ƙananan ɗigo baƙaƙe.

Gargaɗi: kada ka yi ƙoƙarin zare ƙotar domin ganin wutsiya. Sai an ɗumama ƙaron kafin ta fita, kuma a hannun wanda bai saba ba tsohon katako ko haure tsagewa yake yi. Gwada haure da allura mai zafi ma ɓarna ce.

8. Kube

Wannan shi ne shaida mafi rauni, domin shi ake fi sakewa. Tura takobin a hankali ka gani ko ya zauna daidai, domin dillalai sukan haɗa takobi da kuben da ba nasa ba. Tsohon kuben barong shafaffe ne, naɗin igiyar rattan (wani tsiro mai kama da gora da ake saƙa da shi) a jikinsa kaɗan ne, na baya kuma yana da tudu a tsakiya daga sama har ƙasa, da naɗi mai yawa da adon ɓawon katantanwa. Kuben kampilan katako biyu ne da aka ɗaure sama-sama, shi ya sa kaɗan ne suka tsira, kuma rashinsa ba aibi ba ne.

9. Kwatanta, sannan ka rubuta hukunci

Kwatanta hotunanka da makaman da aka san ranar shigarsu gidan tarihi, ba da hotunan 'yan kasuwa ba. Gidan tarihin Smithsonian da ke Washington ya wallafa kundin makaman Filifin na Herbert Krieger tun 1926, saboda haka duk abin da ke cikinsa ya riga wannan shekara. Gidan tarihin Metropolitan na New York yana da tarin George Cameron Stone kuma hotunan suna intanet, gidan tarihin sojan Sifaniya da ke Toledo da na nazarin al'adu da ke Madrid suna da na ƙarni na 19, sai gidan tarihin ƙasa da ke Manila. Nemi aƙalla misalai uku da gindinsu ya yi kama da naka.

Rubuta hukuncin layi uku, ga misali: ruwa, salon Maguindanao, ƙarshen ƙarni na 19, ƙota, aikin Maranao, tsakiyar ƙarni na 20, kube, sabo. A gaban kowane layi ka sa alamomin da ka dogara da su. Kada ka ba da shekara guda, ka ba da zango na shekara 25 zuwa 50, kuma idan alamomi biyu suka saɓa wa juna, rubuta su duka yadda ƙwararren da za ka kai wa zai ga inda matsalar take.

10. Kafin ka biya kuɗi

Idan saye za ka yi daga nesa, nemi hoton gindin ruwan ta fuska biyu da ta gefe, da awo a rubuce, da yarjejeniyar mayarwa idan kayan ya saɓa da bayani. Mai sayarwar da ya ƙi ɗaukar hoton gangya, bar masa kayansa. Idan akwai haure a jiki, yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin namun daji da tsirran da ke fuskantar ƙarewa ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1990 sai da takardun izini, Birtaniya kuma ta ƙara tsananta dokarta daga 2022, don haka ana iya ƙwace takobin a tashar jirgi ko da tsoho ne. Dokar kare kayan tarihi ta Filifin ta 2009 tana buƙatar izinin hukuma kafin a fitar da tsofaffin kayan al'ada daga ƙasar. Sannan ka tambayi hukumar kwastan ta ƙasarka a rubuce ko an yarda a shigo da takobi ta gidan waya ko kamfanin jigila, ka ajiye amsar tare da rasit da hotunan da ka ɗauka a mataki na farko.